Shagon littattafan da Baba ya bari: mu riƙe shi ko mu koma sai da kayan waya?

"Assalamu alaikum Baba Alhaji. Mahaifinmu Allah ya yi masa rasuwa bara, ya bar mana shagon littattafai a cikin kasuwa nan Funtuwa, da shi ya ciyar damu ya yi mana karatu. To yanzu ciniki ya ja baya sosai, wata rana sai a wuni ba a yi ko na cefane ba. Yayyena sun ce kowa ya koma karatu a waya, masu kuɗi kuma oda suke yi ta intanet, don haka a karyar da kayan a zuba caja da gilashin waya a sa POS. Ni kuma raina bai so. Tunda kun daɗe a harkar, dan Allah shagon littafi yana da sauran gaba ko dai mu haƙura?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku ya kai haske kabarinsa, ku kuma ya haɗa kanku. Ni ma a wannan sana'ar na tsufa a nan Kano, tun ina yaron shago mai ɗaure kwali har Allah ya bani nawa, to tambayarka ba baƙuwa bace a wajena, wani lokacin ma ba magada ke kawo ta ba, mai shagon ne da kansa zai zauna kan benci ya yi tagumi ya ce min Alhaji anya kuwa.

In na fahimce ka tambaya biyu ka haɗa, ta farko ko sai da littafi a shago zai ɗore tunda ga waya ga intanet, ta biyu ko naku shagon ya cancanci a ci gaba da biya masa haya. Ta farkon zan maka bayani gwargwadon abinda idona ya gani, ta biyun kuwa sai kun koma kan kantocinku kun duba da kanku, amma zan gaya maka abinda zaku duba ɗin.

Yayyenka basu yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar suka faɗa. Abinda muke kira shagon littattafai a ƙasar nan ba sana'a ɗaya bace, sana'o'i ne wajen huɗu aka cusa a ɗaki ɗaya, akwai littattafan hikaya na Hausa, akwai na 'yan jarrabawa da 'yan jami'a, akwai na firamare da sakandare haɗe da littafin rubutu da biro da sauran tarkace, sannan akwai na addini. Kowanne da kwastomansa da lokacin kasuwarsa da abinda ke kashe shi. Waya ta kashe guda ɗaya murus, ta yi wa ɗaya rauni, sauran biyun kuwa ciwonsu daban ne, kuma duk wanda ya ɗora wa waya laifin komai to zai yi ta shan maganin da ba na cutarsa ba.

Wanda waya ta cinye

Littafin soyayya nake nufi. Kai ƙila baka riski lokacin da abin ke tashe ba, bari in ɗan baka labari don ka gane me ya ɓace. Da can buga littafin Hausa sai kamfani, irin su kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya (ba na mai ba) da aka kafa a 1966, kuma yawanci don makarantu ake bugawa. Daga wajen tsakiyar shekarun 1980 sai matasa suka ga ai ba sai sun jira kowa ba, suka fara bugawa da kuɗinsu, zuwa shekarun 1990 abin ya zama kasuwa sosai, aka samu ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama da Kukan Kurciya, malaman jami'a suka laƙaba masa suna adabin kasuwar Kano. Yadda ake yi shine marubuciya ta rubuta labarinta da biro a littafin makaranta, a kai wa mai taifin, daga nan sai maɗaba'a a buga shi a takarda mai arha irin ta jarida, a yi masa bango mai kala da hoton mace ta sha kwalliya, a raba labarin kashi na 1 da na 2 da na 3, kuma da gangan ake yanke na ɗayan a daidai inda amarya ta buɗe ƙofa ta ga wanda bata zata ba, a ƙasa a rubuta mu haɗu a littafi na biyu. A kawo wa dila a bashi sai ya sayar ya biya. 'Yan sari su zo daga Sakkwato da Gusau da Jos da Maiduguri, har daga Maraɗi da Damagaram, su cika buhu su tafi. A unguwa kuma ga masu bada haya, littafi ɗaya sai ya zaga gida goma har bangon ya cire a liƙe shi da salatif a ci gaba. Mafi yawan masu karatun matan aure ne da 'yan mata, da yawa basu taɓa taka ƙofar shagon ba, yaro ake aikowa da 'yar takarda an rubuta sunan littafi da kashin da ake so.

To ka ga wannan matar da ke aiko yaro, ita waya ta fara ɗauke mana. Ba sai ta nemi ɗan aike ba, ba sai ta jira wata biyu kafin kashi na biyu ya fito ba, ba sai ta ɓoye littafi ƙarƙashin katifa don maigida ko Hajiya ba. Ita ma marubuciyar haka, da sai ta nemo jarin bugu, ta yi ta sintiri wajen dilan da zai ce mata ai bai ƙare ba ki dawo wani satin, wasu har su gaji su bar kuɗin. Ga kuma matsin da aka shiga a Kano a 2007, lokacin da aka ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a ƙarƙashin shirin gwamnatin jihar na A Daidaita Sahu, daga baya kuma Hukumar Tace Fina-finai ta ce sai marubuta sun yi rajista an duba abinda suka rubuta. Duk wannan a waya babu shi. Yanzu marubuciya a ɗakinta zata yi taifin da babban yatsa, ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp da Facebook da Wattpad, sai labari ya ɗau zafi ta ce daga nan na kyauta ya ƙare, mai son ci gaba ya tura 500 ko 1000 a wannan akawun ya turo shaidar biya, sai a jefa shi a guruf ɗin waɗanda suka biya, kullum da daddare a sako sabon shafi ana sharhi ana zagin kishiyar cikin labarin kamar da gaske. Wanda bai iya karatu sosai ba ko aiki ya masa yawa kuma ya kunna YouTube a karanta masa yana wanke-wanke. Ka gaya min ta ina shago zai yi gasa da wannan.

Ba wai su ma sun huta bane. Kwana biyu da sakin littafi wata zata kwafe shi ta watsa a gurufuka kyauta, marubuciya ta yi ta Allah ya isa. Manhajar sai da littattafai ta OkadaBooks da marubutanmu da yawa suka dogara da ita ta rufe a ƙarshen 2023, wasu suka koma ArewaBooks wasu suka tsaya a WhatsApp ɗin. Amma wahalarsu bata dawo mana da kwastoma ba, kuma a ganina ba zata dawo da shi ba. Don haka in rabin shagonku irin waɗannan ne, a nan kam yayyenka sun fi ka gaskiya, kar a ƙara zuba ko sisi a ciki. Abu ɗaya kawai, tsofaffin bugu na shekarun 1990 kar ku zubar, ɗaliban sashen Hausa na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo masu rubuta kundin kammala karatu suna nemansu ido rufe, don da yawa ba a sake bugawa ba, ku ware kwali guda ku ajiye a inda gara bata kaiwa.

Wanda na ce an yi wa rauni kuwa shine na 'yan jarrabawa da manyan makarantu. Tun da JAMB ta koma jarrabawa a kwamfuta gaba ɗaya a 2015 yara suka koma yin tsofaffin tambayoyi a manhaja, ƙamus ma yana cikin waya, ɗan jami'a kuma wani abokinsa zai turo masa littafin gaba ɗaya a PDF ko ya yi fotokwafin babin da lakcara ya ce. Ana ɗan saya har yanzu amma ba abinda za a tara shi da yawa bane.

Su waɗanda suka ƙirƙiro abin ya suka ƙare?

Ina kawo wannan ne don yayyenka sun ambaci oda ta intanet, kuma can ƙasashen Turawa ne aka fara gwada ta. Amazon da littafi ya fara a 1995, a 2007 ya fito da na'urar karatu ta Kindle, a 2011 kuma Borders, ɗaya daga manyan kamfanonin shagunan littafi na Amurka mai rassa ɗaruruwa, ya karye aka rufe shi kaf. A lokacin kowa ya gama yanke hukunci cewa littafin takarda ya gama yawo. Sai ga shi ba haka ta faru ba, littafin na'ura ya hau ya kai wani matsayi ya tsaya, har yau na takarda ne ya fi kawo wa kamfanonin ɗab'i kuɗi a Amurka da Ingila. Wani babban kamfanin shagunan littafin Amurka, Barnes & Noble, da ake jiran jana'izarsa aka saye shi a 2019 aka damƙa shi a hannun James Daunt, mutumin da ya farfaɗo da shagunan littafi na Waterstones a Ingila, babban abinda ya yi kuwa shine ya sakar wa manajan kowane reshe mara ya zaɓi littattafan da mutanen garinsa ke so maimakon a aiko masa da jeri daga hedikwata, yanzu sabbin rassa suke buɗewa. Shi kansa Amazon ya buɗe shagunan littafi na gini a 2015 ya rufe su a 2022, ashe tsaron shago ma wani ilimi ne daban.

Sai dai kar wani ya kwaso wannan labarin ya ce maka ai shikenan mu ma zamu farfaɗo. Can mai shiga shagon littafi yana da rarar kuɗi a aljihu, littafi abin marmari ne yake saya don nishaɗi ko kyauta. A Faransa ma doka ce ke tsare ƙananan shaguna tun 1981, kamfanin da ya buga littafi shi ke yanka farashi kuma ba wanda ya isa ya yi ragin da ya wuce kashi 5 cikin 100, ko babban kanti ne ko Amazon. Mu bamu da ko ɗaya a ciki. Abinda kawai na ɗauka daga labarinsu shine wanda ya san mutanen garinsa ya fi wanda ya tara kaya, wannan kam ya shafe mu.

Ba a nan gizo ke saƙa ba

In ka tambaye ni me ya fi durƙusar da masu shagon littafi a 'yan shekarun nan, ba zan ce waya ba, zan ce takarda da dala. Nijeriya tana da masana'antun takarda uku da gwamnati ta gina, Jebba da Oku Iboku da Iwopin, sun daɗe basa fitar da takardar da za a buga littafi da ita ta ishi kowa, don haka takarda da tawada da farantin bugu duk daga waje suke zuwa. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, a 2024 ta haura 1,500, ga cire tallafin mai a Mayun 2023 da ya ninka kuɗin ɗauko kaya daga Legas da Ibadan inda manyan kamfanonin littattafan makaranta suke. Abinda wannan ke yi wa mai shago mugun abu ne kuma a ɓoye yake yinsa, ka sayar da littafi ka ga ka ci riba, ka koma sari ka tarar kuɗin da ka karɓa gaba ɗaya uwa da riba bai isa ya sayo maka irinsa guda ɗaya ba. Kantoci su yi ta raguwa a hankali kana cewa ai kasuwa ce babu, alhali jarin ne ke narkewa. Ina kyautata zaton wani abu irin wannan ya taɓa shagonku, musamman in Baba mutum ne mai kunyar ƙara wa tsohon kwastoma kuɗi, mu tsofaffin haka muke. Shi ma uban yara da ya saba sayen littafi takwas na ɗansa yanzu lissafi da Turanci kawai zai ɗauka ya ce sauran ya leƙa na abokinsa, don buhun masara na jiransa.

Na biyu makarantun kuɗi. Da makaranta jeri take ba iyaye su zo kasuwa su saya, yanzu ajent ɗin kamfani yana zuwa har ofishin mai makaranta ya bashi ragi mai kyau, a cusa kuɗin littafi cikin kuɗin makaranta, wasu ma littafin rubutu sai mai tambarinsu. An tsallake mu kenan. Na uku bugun sata, littafin da ka saro na asali wani a rumfar gaba yana sai da irinsa rabin kuɗi, wani bugun satar ma daga waje ake yo shi ya fi na asalin sheƙi. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023 kuma hukuma tana kai samame lokaci-lokaci, ni dai shawarata kar ka taɓa shi, ko ba don kamu ba haƙƙin wani ne, kuma rana ɗaya za a kwashe maka kaya a kulle shago. Na huɗu bashi, makaranta ta ɗauki kaya a Satumba ta ce sai iyaye sun biya, ka wayi gari an shiga zango na uku kana bin kuɗin da darajarsa ta riga ta zube. Mu na Kano akwai ƙarin guda, rufe bodar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023, sun yanke mu da 'yan sarin Maraɗi da Damagaram, wasunsu har yau basu dawo yadda suke da ba.

Duk da haka kayan makaranta basu mutu ba kuma ba zasu mutu nan kusa ba, yaro ɗan aji uku ba zai yi aikin gida a waya ba, littafin rubutu da fensir da biro da jaka kullum cinye su ake a dawo. Ribar guda ƙarama ce amma kuɗin yana juyawa. Haɗarin kawai kar ka tara littafin darasi da yawa, ana canja manhaja ko WAEC ta sauya jerin littattafan adabi, wanda duk shekara biyar take yi, abinda ya rage a hannunka ya zama na masu ƙosai.

Kantar da ta fi riƙe shago

Littattafan addini. Wannan ita ce tsohuwar kasuwar littafi a ƙasar Hausa, je ka kasuwar Kurmi ta Kano ka gani, tun kafin boko ake sai da littafi a wajen. Mutum zai ce ai su ma suna waya, gaskiya ne, akwai Maktaba Shamila da ke ɗauke da dubban littattafan Larabci kyauta, Alƙur'ani kuwa ba wayar da babu shi. Amma ka lura da yadda ake karatun. Ɗalibi ya durƙusa gaban malam da Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, malam na fassara kalma-kalma shi kuma yana bi da biro yana rataya ma'ana a ƙarƙashin layi da gefen shafi, bayan shekara wannan littafin ya zama nasa shi kaɗai, ba zai musanya shi da sabo ba balle PDF. Mahaddaci da bugun da ya saba yake riƙe hadda, ya san ayar nan a saman shafin dama take, in ka canja masa bugu sai ya rikice. Islamiyya kuma ba a barin yara su shiga da waya. Ga Alƙur'anin da ake sawa a kayan aure, ga na walimar sauka, ga wanda zai sayi kwali guda ya kai masallaci sadaka ga iyayensa da suka rasu. Waɗannan duk ba abinda waya zata maye bane.

Kuma kasuwar tana da lokutanta, in Sha'aban ya shiga ka tanadi Alƙur'ani da Jalalaini da littattafan addu'o'i, in Rabi'ul Awwal ya gabato Ishiriniya da Burda da sauran littattafan yabo, bayan Sallah sabbin ɗaliban Islamiyya. Sai dai tana son sani. Dole ka bambance Warshu da Hafsu, ka san bugun Madina da na Misira da na Bairut, ka san wane bugu ne malamai ke cewa yana da kurakurai, ka san malamin zaure kaza wane littafi zai fara bayan ya sauke wanda yake kai, ka san makarantar Izala me take nema ta ɗariƙa me take nema, kuma ka ajiye wa kowa nasa ba tare da ka sa baki a abinda ba a tambaye ka ba. Ina zaton wannan sanin shine babban abinda mahaifinku ya tafi da shi, kuma ƙila shi yasa ciniki ya faɗi bayan rasuwarsa fiye da yadda waya zata iya faɗar da shi. Mutane ba wajen shagon suke zuwa ba, wajensa suke zuwa. In akwai tsohon yaron shagonsa ko wani abokinsa a layin, ka riƙe shi hannu bibbiyu ka koya. Su ma manyan littattafan masu mujalladi da yawa dala ta taɓa su sosai, don haka ba a tara su, sai an yi oda ka kawo.

Maganar oda ta intanet

A nan ina ganin yayyenka sun ɗan yi kuskuren lissafi. Eh akwai Jumia da Konga, amma wa ka sani a Funtuwa da ya taɓa sayen Iziyya ko littafin lissafin aji huɗu a can? Kuɗin kawowa kaɗai ya fi kuɗin littafin. Odar da ake yi da gaske a Arewa ta WhatsApp ce, kuma ba wani kamfani ne ke cin ta ba, mu ne dai masu shagunan, waɗanda suka farka. Ni yanzu wani malami daga Kaduna zai turo hoton bangon littafi ya ce akwai? Yarona ya ɗauko ya ɗauki hoton bangon da shafin farko da wani shafi daga tsakiya don ya ga ingancin bugun, a yi ciniki, ya yi transfa, alat na shigowa a naɗe littafin a leda saboda ruwa a sa a kwali a zagaye da salatif, a rubuta lambar wayarsa da baƙin alƙalamin maka manya-manya, a kai tashar Unguwa Uku a ba direba, a tura masa lambar direban da ta motar, kafin magariba kaya na hannunsa. Wannan ma ai sayayya ta intanet ce, kuma bata yiwuwa sai da shago a bayanta, don mutum ba zai tura kuɗi wa wanda bai san inda zai same shi ba in an samu matsala. A kudu ma akwai Rovingheights da suka fara sai da littafi ta intanet, da abin ya karɓe su sai suka buɗe shaguna a Legas da Abuja. Kai kana da shagon da sunan da aka sani, abinda ya rage maka shine wayar, ita ce mai sauƙin.

To me zaku yi

Kafin komai a raba gado ko a ƙalla a yi wa kayan kuɗi a gaban shaidu kowa ya san rabonsa, mata da ƙanana musamman, wannan ku nemi malami ya zauna daku, ba fannina bane. Shagon da ake ɗiban kuɗin cefanen gida uku a cikinsa ba lissafi, ko gwal ake sayarwa sai ya karye.

Sannan ku rufe shagon kwana biyu ku sauke komai ƙasa. Duk littafin da aka sayar da irinsa cikin shekarar nan gefe guda, wanda ya shekara biyu ba a tambaye shi ba gefe guda, wanda gara ko ruwa ko ɓera suka taɓa gefe guda. Ku yi wa kashin farko kuɗi da farashin sari na yau ba na ranar da Baba ya saro ba, wannan shine jarinku na gaskiya, sauran ƙawa ce kawai ta cika ido. Ku buɗe littafin bashinsa ku bi waɗanda ake bi tun suna jin kunyar mamaci. In ka ga kashin farko yawancinsa na addini ne da kayan makaranta kuma ribarsa na iya biyan haya da mai tsaro ko da ƙyar, to shagon nan yana da rai, gyara yake so. In kuwa ka ga kashi biyu cikin uku hikaya ne da tsofaffin littattafan darasi da aka daina amfani da su, to gaskiya abinda kuka gada ɗaki ne da suna, sai ku yi tunanin ko akwai mai jarin da zai sake cika shi.

POS ɗin da suke so ban ƙi ba, a sa shi a bakin ƙofa, yana jawo ƙafa kuma wanda ya zo cire kuɗi zai tuna ɗansa ba shi da biro. In akwai hali a ƙara injin fotokwafi da firinta, musamman in kuna kusa da makaranta ko sakatariya, amma ku yi lissafin wuta da mai tukuna. Abinda bana so shine a kwashe littattafan gaba ɗaya a zuba caja, ka leƙa layinku ka ƙirga masu caja da POS nawa ne, sannan ka ƙirga masu littafi, kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Ka zaga Islamiyyu da ƙananan makarantun unguwa waɗanda ajent baya kaiwa gare su, ka karɓi jerin littattafansu tun kafin hutu ya ƙare, ka ce zaka kawo har makaranta amma rabin kuɗi a hannu. Ka buɗe WhatsApp na shago daban da naka, kullum ka ɗora hoton abu uku ko huɗu da farashinsu. Ka samu dila ɗaya amintacce a Kano da ɗaya a Zariya da zaka iya kira su sako maka littafi a mota, ta yadda ba zaka taɓa ce wa kwastoma babu ba, sai dai ka ce gobe da yamma.

Ni a Kano nake, kasuwarmu da taku ba ɗaya ba, kuma ban ga littafin cinikinku ba, don haka ba zan maka alƙawarin zai yi ba. Abinda zan ce ka roƙi yayyenka shine su baka shekara guda cur, wadda zata haɗa da komawar makaranta ta Satumba da azumi, don duk wanda ya auna shagon littafi da cinikin watan da ba ɗaya daga cikin biyun nan to bai auna komai ba. Ka rubuta duk abinda ya shiga da wanda ya fita, ka yanka wa kanka albashi kar ka wuce shi. In shekara ta zagayo jarin ya ƙaru ko ya tsaya yadda yake da farashin ranar, ku ci gaba. In ya ragu ka haƙura ba tare da jin ka ci amanar Baba ba, sai dai ko a nan ɗin kar ku yi gwanjon kwana ɗaya, ku fara tuntuɓar sauran masu littafi na garin da dilolin da yake sari a wajensu, da yawa zasu karɓi mai kyan a farashin sari ko su cire daga bashin da suke binsa. Waɗanda ke ɗauke da ayoyi da hadisai kuma ko sun tsufa kar a haɗa su da takardun da ake aunawa a kilo, ku raba wa makarantun allo da Islamiyyu da masallatai da sunansa.